Yana Fitsari Kamar Kullum, Amma An Ce Ƙodarsa Ta Yi Rauni

Wani bawan Allah ne ya aiko da tambaya cewa an auna jinin mahaifinsa, wanda ya daɗe yana fama da ciwon suga da hawan jini, aka shaida musu ƙodarsa ta yi rauni sosai, alhali dattijon yana fitsari kamar kullum, har ma tashin da yake yi da daddare ya ƙaru, kuma bai taɓa kukan ciwon baya ba. Yana so a bayyana masa yadda ƙoda take, da ainihin aikinta, da dalilin da ya sa likita ya ce ƙarancin jinin da ke damun mahaifin nasa ma daga ƙodar yake.

Malam, Allah ya ba baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da shi. Shakkar da ta shige ka tana da dalili, domin akasarin mutane sun ɗauka aikin ƙoda shi ne yin fitsari, don haka muddin fitsari yana fita to ƙoda lafiyarta ƙalau. Amma fitsari ragowar aikin ƙoda ne kawai. Ainihin aikinta shi ne tsare jini a kan ma'auni guda, kada ruwa ko gishiri ko wani sinadari ya yi yawa ko ya yi kaɗan a cikinsa, kuma tana iya gazawa ƙwarai a wannan aiki alhali ruwa bai daina sauka a mafitsara ba. Kafin ka ga yadda hakan ke faruwa, sai mun bi tsarin tun daga tushe.

Ƙoda biyu ne a jikin mutum, ɗaya a dama ɗaya a hagu da ƙashin baya, can bayan hanji, a jingine da bangon baya na ciki. Ba a ƙugu suke ba, inda mutane suka saba dafawa in sun ce ƙoda na yi musu ciwo. Sun fi nan sama, har kawunansu a ɓoye suke a ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe. Ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka, saboda hanta ta tsare mata wuri daga sama. A jikin baligi kowace ƙoda tana da tsawon santimita 10 zuwa 12 da nauyin wajen giram 150, siffarta kamar ƙwayar wake, kuma gefen nan da ya lotsa shi ne ƙofar da jijiyar jini ke shiga, wata ta fito, bututun fitsari ma ya fito. Wata siririyar fata mai ƙarfi ce ta lulluɓe ta, kitse kuma ya kewaye ta don kariya. Naman ƙodar kansa ba ya jin ciwo yadda fata ko gaɓa ke ji. Ciwo yana zuwa ne idan wannan lulluɓi ya miƙe farat ɗaya, kamar lokacin da tsakuwa ta toshe hanya ko ƙwayoyin cuta suka kumbura ƙodar. Lalacewar da ciwon suga da hawan jini ke yi a hankali take tafiya, shekara da shekaru, shi ya sa rashin ciwon bayan baba ba hujja ba ce ko kaɗan, kamar yadda mafi yawan ciwon baya da mutane ke ɗora wa ƙoda daga tsoka da ƙashi yake.

Idan aka tsaga ƙoda gida biyu za a ga ɓangaren waje, sannan ɓangaren ciki mai ɗauke da wasu yankuna da ake kira dala, waɗanda tsininsu ke kallon tsakiya. Daga wannan tsini fitsari ke ɗiga cikin ƙananan kofuna, kofunan su haɗu su zama matattara guda, matattarar ta zarce ta zama bututun da ke gangarawa mafitsara. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne yawan jinin da ke ratsa wannan ɗan nama. Ƙodojin biyu a haɗe ba su kai kashi 1 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma suna karɓar kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na jinin da zuciya ke bugawa, wato fiye da lita 1 a kowane minti. Ba don ci da kansu suke buƙatar wannan jini duka ba, don su yi aiki a kansa ne.

Ma'aikacin da ke wannan aiki shi ne nefuron, kuma a kowace ƙoda akwai wajen miliyan 1, ko da yake adadin ya bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum. Kowane nefuron yana farawa da wani ɗan ƙulli na jijiyoyin jini mafi sirantaka, ana ce masa gulomerulus, wanda Marcello Malpighi ya fara bayyanawa a 1666, kuma ƙullin a zaune yake a cikin wani ɗan kofi da ake kira da sunan William Bowman, wanda a 1842 ya nuna cewa kofin a haɗe yake da dogon bututun da ke bayansa. Jini yana shiga ƙullin da ƙarfin bugun zuciya, sai ruwan jini ya tsattsafa ta bangon jijiyoyin ya zuba a kofin. Bangon hawa uku ne, kuma yana zaɓe: ruwa, gishiri, suga, yuriya (dattin da ke fitowa daga ragowar furotin) da sauran ƙananan abubuwa duk suna wucewa, amma ƙwayoyin jini da manyan furotin irin su albumin ba sa wucewa. Ka riƙe wannan da kyau, domin a nan ne ciwon suga ke fara ɓarna. Idan bangon ya lalace sai albumin ya fara zurarewa cikin fitsari, kuma sau da yawa wannan ita ce alama ta farko, tun kafin gwajin jini ya nuna komai. In zurarewar ta yi yawa har akan ga fitsari yana kumfa mai daɗewa ba ta kwanta ba.

Ruwan da lafiyayyun ƙodoji ke tacewa ta wannan hanya ya kai wajen lita 180 a yini da dare. Ruwan jinin da ke jikin mutum gaba ɗaya bai wuce kimanin lita 3 ba, ka ga ke nan ana tace shi kusan sau 60 a rana. Fitsarin da ke fita kuwa lita 1 zuwa 2 ne kacal. Abin nufi, wajen kashi 99 cikin 100 na abin da aka tace ana mayar da shi cikin jini. Mai karatu zai iya cewa wannan ɓata ƙarfi ne, a zubar da abu sannan a koma a kwaso shi, amma a ganina nan hikimar tsarin take. Da ƙoda za ta tsaya ta gane kowace guba ɗaya bayan ɗaya kafin ta fitar da ita, da duk sabuwar gubar da ba ta sani ba ta zauna a jini. Sai aka tsara ta fitar da kusan duk wani ƙaramin abu tukuna, sannan ta karɓo waɗanda ta san jiki yana so, a kan gwargwadon da yake so a wannan lokaci, sauran kuma su tafi da fitsari.

Dogon bututun nefuron shi ke wannan karɓowa, kuma kowane yanki da aikinsa. Yankin farko shi ne mafi aiki, don a nan ake mayar da wajen kashi biyu cikin uku na ruwa da gishiri, da kusan dukkan suga da tubalan furotin. Masu ɗaukar sugan suna da iyaka. Idan sugan jini ya haura wajen miligiram 180 a kowace desilita, sai abin ya fi ƙarfinsu, ragowar ta wuce cikin fitsari ta ja ruwa tare da ita, kuma wannan ne dalilin yawan fitsari da ƙishirwar mai ciwon suga wanda sugansa bai daidaita ba. A wannan yanki kuma ƙoda tana tura wasu abubuwa kai tsaye daga jini zuwa bututu, ciki har da magunguna da dama irin su fenisilin.

Daga nan bututun yakan nutsa can cikin dala, ya lanƙwasa ya dawo sama. Jakob Henle ne ya bayyana wannan lanƙwasa a 1862, shi ya sa take ɗauke da sunansa. Ɓangaren da ke sauka yana barin ruwa ya fita, ɓangaren da ke hawa kuma yana fitar da gishiri ya hana ruwa bi, kuma da wannan dabara ake tara gishiri da yuriya a zurfin ƙoda har kaurin ruwan wurin ya ninka na jini sau huɗu. Amfanin hakan yana bayyana a bututun ƙarshe, wanda ke tattara ruwan nefuron da yawa ya ratsa da shi ta wannan wuri mai gishiri. Idan jiki ya rasa ruwa, ƙwaƙwalwa takan gane cewa jini ya yi kauri, sai ta saki wani sinadarin saƙo mai suna basofuresin, shi kuma ya buɗe ƙananan ƙofofin ruwa a bangon bututun, gishirin da ke kewaye ya janye ruwan ya koma jini, fitsari ya fito kaɗan mai duhun launi. Idan mutum ya sha ruwa da yawa sai saƙon ya ragu, ƙofofin su rufe, fitsari ya fito da yawa fari tas. Gano waɗannan ƙofofi na ruwa shi ya sa aka ba Peter Agre kyautar Nobel a 2003.

To a nan amsar tambayarka take. Iya kaurara fitsari yana cikin abubuwan da ƙoda mai rauni ke fara rasawa. Lafiyayyar ƙoda tana rage fitsari da daddare don mutum ya samu barci, mai rauni kuwa ba ta iyawa, sai ta yi ta sakin ruwa tsararo dare da rana. Saboda haka yawan tashin da baba ke yi da daddare, wanda kuka ɗauka shaidar lafiya ce, yana iya kasancewa shi kansa alamar raunin ne. Sannan ka duba lissafin da kanka. A ce tacewar ta faɗi daga wajen mililita 120 a minti zuwa mililita 20 kawai. Wannan faɗuwa ce mai tsanani, amma duk da haka a yini da dare an tace kusan lita 29, kuma fitar da lita 1 da rabi na fitsari daga lita 29 ba wani abu ba ne. Ruwa yana fita kamar da, amma dattin da yake tafiya da shi bai kai yadda ya kamata ba, sai ragowar ta taru a jini: yuriya da hanta ke haɗawa daga ragowar furotin, da kiriyatinin da ke fitowa daga tsoka, da sauransu masu yawa. Yawan fitsari yakan ragu ne sai can ƙarshen cutar, ko kuma idan ƙoda ta samu rauni na farat ɗaya.

Yankunan ƙarshe na bututun su ke gyaran ƙarshe na gishiri. Wani sinadarin saƙo mai suna aldosteron, wanda ke fitowa daga ɗan ƙullin nama da ke zaune a kan kowace ƙoda, yana sa a riƙe sodiyam, sinadarin da ke cikin gishirin abinci, a fitar da fotasiyam, wani sinadarin gishiri na dabam da ke cikin jini. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin fotasiyam a jini tsakanin 3.5 da 5 yake zama a ma'aunin da ake amfani da shi, kuma in ya haura sosai yana iya rikita bugun zuciya har ta tsaya, ba tare da wani gargaɗi ba. Haka kuma ƙoda tana fitar da tsamin da jiki ke samarwa kullum, tana kuma mayar da sinadarin da ke kashe tsami, ta yadda ma'aunin tsamin jini ba ya fita daga 7.35 zuwa 7.45. Huhu yana taya ta wannan aiki ta hanyar numfashi, amma akwai tsamin da sai ita ke iya fitarwa.

Akwai kuma ayyuka uku da ba su da alaƙa da fitsari a fili, kuma su ne suka fi shafar halin da baba ke ciki. Na farko hawan jini. Idan ƙoda ta ji jinin da ke iso mata ya ragu, takan saki sinadarin renin, wanda Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman suka gano a birnin Stockholm a 1898. Renin yana tayar da jerin sinadarai da ke tsuke jijiyoyi, su sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau. Wannan tsari yana ceton rai idan mutum ya zubar da jini, amma ƙoda mai ciwo takan tayar da shi ba bisa ƙa'ida ba. Sai abin ya zama zagaye: hawan jini yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙoda, lalatacciyar ƙoda kuma tana ƙara hawan jini. Na biyu shi ne abin da likitanku ya faɗa, kuma gaskiya ya faɗa. Ƙoda ce ke auna ko iskar oksijin da jini ke ɗauke da ita ta isa, in ba ta isa ba sai ta saki sinadarin eritirofoyetin, wanda ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Ƙodar da ta lalace ba ta aika wannan saƙo yadda ya kamata, sai ɓargo ya yi sanyi, jini ya yi ƙasa, mutum ya dinga jin kasala da haki ko da yana cin abinci mai kyau. Na uku, ƙoda ce ke yi wa bitamin D gyaran ƙarshe da zai sa hanji ya iya tsotsar kalsiyam, don haka raunin ƙoda mai daɗewa yana raunana ƙashi.

Sauran tsarin hanya ce da ma'ajiya. Daga kowace ƙoda bututu mai tsawon santimita 25 zuwa 30 yana sauka zuwa mafitsara, kuma ba zuba kawai fitsarin ke yi ba, tsokar bututun ce ke matsa shi gaba, shi ya sa ko mutum yana kwance yana isa. Bututun yana huda bangon mafitsara a karkace, ta yadda in ta cika sai ta danne bakinsa, fitsari ba ya komawa sama. Mafitsara jaka ce ta tsoka a cikin mara, tana ɗaukar mililita 400 zuwa 600, amma tun kafin ta kai rabi ake fara jin fitsari. Tsokoki biyu ke tsare ƙofarta, ta ciki mai aiki da kanta, da ta waje wadda mutum ke sarrafawa, ita ce yaro ke koyon riƙewa yayin da yake girma. Mafitar fitsari a mace wajen santimita 4 ce, shi ya sa ƙwayoyin cuta suka fi saurin isa mafitsarar mata. A namiji ta kai wajen santimita 20, kuma tana ratsa tsakiyar furostet, wani ƙullin nama da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Tunda baba dattijo ne, wannan ya shafe shi: furostet yakan girma da shekaru ya matse hanya, mafitsara ta kasa juyewa duka, matsin ya koma sama ya danne ƙodojin. Wannan dalili ne da ake iya gyarawa, saboda haka ya dace a yi masa hoton ciki a duba girman ƙodojin da ko akwai toshewa, kada a ɗora komai a kan suga ba tare da an bincika ba.

Me ya sa ba a gane da wuri ba? Saboda ƙoda tana da rara mai yawa. Mutum yana rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya, wadda takan ƙara girma ta ɗauki mafi yawan aikin biyu. Idan wasu nefuron sun mutu, sauran sukan ƙara ƙwazo su rufe gurbin, har kiriyatinin na jini yana iya zama a cikin iyakar da ake kira lafiya alhali kusan rabin aikin ya tafi. Sai dai wannan ƙarin ƙwazo yana gajiyar da waɗanda suka rage, kuma jiki ba ya ƙera sabon nefuron. Ƙirarsu tana kammala ne tun jariri yana ciki, wajen mako na 36. Don haka duk mai ciwon suga ko hawan jini ya kamata a yi masa gwaji biyu aƙalla sau ɗaya a shekara: kiriyatinin na jini, wanda daga shi ake lissafa ƙarfin tacewa, da albumin na fitsari. Idan ƙarfin tacewa ya zauna ƙasa da mililita 60 a minti fiye da wata 3, ko albumin ya ci gaba da zurarewa tsawon wannan lokaci, an shiga ciwon ƙoda mai daɗewa. Ƙasa da 15 shi ne matakin ƙarshe. Ka tambayi likitan wannan lamba ta baba, ka rubuta ta, ka dinga kwatanta ta da ta gwajin gaba, domin saurin saukarta ya fi lambar kanta faɗin abin da ke tafe.

Abin da ya lalace ba ya dawowa, amma ana iya tsare abin da ya rage shekaru masu yawa, kuma a nan nake so ku sa ƙarfinku. A daidaita hawan jini da suga, a rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana. Akwai magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan da ke rage matsi a cikin ƙullin nefuron, da wasu sababbin magunguna irin su dapagliflozin da aka tabbatar suna jinkirta lalacewar, amma likita ne zai zaɓa yana kuma auna fotasiyam. A guji magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, domin suna rage jinin da ke shiga ƙoda, haka nan duk wani haɗi da ba a san abin da ke cikinsa ba, ko da an ce na wanke ƙoda ne. Ɗirkar ruwa fiye da kima ma ba ya wanke ta, kuma ga mai rauni sosai yana iya taruwa a ƙafa da huhu. A sake duba adadin magungunan sugansa, saboda ƙoda tana taimakawa wajen kawar da insulin da wasu daga cikinsu daga jini, in ta yi rauni sai su daɗe a jiki suga ya faɗi ƙasa.

Idan an kai ga wankin ƙoda, wanda Willem Kolff ya ƙera na'urarsa ta farko a Holan a 1943, ku sani cewa tacewa da cire ruwa kawai na'urar ke yi, yawanci sau 3 a mako, wajen awa 4 kowane zama; ba ta aika wa ɓargo saƙo, ba ta gyara bitamin D, sai a ba da waɗannan a matsayin magani dabam. Dashen ƙoda, wanda Joseph Murray ya fara yin nasararsa a Boston ta Amurka a 1954 tsakanin wasu tagwaye, shi ke mayar da ayyukan duka. Kafin nan, idan kuka ga kumburin ƙafa ko fuska yana ƙaruwa, ko numfashi ya yi wuya musamman in ya kwanta, ko amai da rashin cin abinci sun dage, ko ya fara ruɗewa, ko fitsarin ya ragu farat ɗaya, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku kai shi asibiti a ranar.